Ƙasa da Goma

Ruwan garinmu ba ya zuwa teku. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa su zama Kogin Haɗeja, ruwan ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ɗan abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe ya ƙare a Tafkin Chadi. Saboda haka ban ɗauka abin kunya ba ne a ce na haura shekara talatin ban san komai game da teku ba, in ban da abin da nake gani a talabijin da wani hoto da na taɓa ɗauka a bakin ruwa a Legas. Abin kunyar shi ne duk da wannan rashin sani, na zauna a ɗakina a Kano cikin dare na kafa wa ruwan teku doka, kuma saura ƙiris dokar ta jawo wa wata yarinya faɗuwa a jami'a.

Sana'ata rubuta manhaja. Wani abokina da muka yi karatun kwamfuta tare ne ya haɗa ni da wata malamar jami'a a Kalaba, wadda kowa ke kira Dakta. Tana koyar da 'yan aji uku darasin rayuwar halittun gaɓar teku: wace halitta ke zaune a ina, me take ci, me ke cin ta, kuma me ya sa take nan ba can ba. Rabin darasin a aji ake yin sa, rabi kuma a cikin taɓo da ɗakin gwaje-gwaje. Duk shekara tana kwasar ɗalibai su yi mako guda suna shiga ruwa, su dawo da littattafai a jiƙe, sannan a ɓata makonni ana shigar da lambobin cikin kwamfuta. Abin da take so shi ne manhajar waya da za ta yi aiki ko babu sabis, ɗalibi ya shigar da abin da ya auna nan take, in an dawo gari komai ya hau rumbu ɗaya.

Aikin bai ba ni wuya ba. Ta turo mini fayil na awon da suka taɓa yi don in ga irin lambobin. A layin zartsin ruwa, wato yawan gishirin da ke cikinsa, na ga lambobi daga 12 zuwa ashirin da 'yan kai. Na leƙa intanet na ga cewa ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. A sana'armu abu na farko da ake cusa mana shi ne kada ka yarda da abin da mutum ya shigar: zai yi kuskuren dannawa, zai sa 200 a wurin 20, zai bar gurbi babu komai. Don haka na rubuta layi biyu: duk lambar zartsi da ta gaza 10 ko ta haura 40, manhaja ta ƙi karɓa, ta fito da jan rubutu cewa lambar ba daidai ba ce a sake aunawa, kuma kada fom ɗin ya wuce gaba sai an gyara. Har na yaba wa kaina da wannan dabara. Abin da ban duba ba shi ne layin kwanan wata. Duk awon da ke fayil ɗin na watan Janairu da Fabrairu ne, tsakiyar rani.

A watan Yuli aka tsayar da makon fita, Dakta kuma ta kafe sai na zo da kaina. Na ce ai duk abin da ya taso zan iya gyarawa daga Kano. Ta ce ba ta ba ɗalibanta kayan aikin da mai shi bai taɓa ganin inda ake amfani da shi ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, na haɗa jaka.

Kalaba tana zaune tsakanin Kogin Kalaba da Kogin Kwa, dukkansu suna zuba a babban bakin Kogin Kuros kafin ya faɗa Tekun Atlantika. Irin wannan wuri, inda ruwan daɗi na kogi ke gauraya da ruwan gishiri na teku, shi ne ajin Dakta. Tun ina makarantar allo na san an ambaci waɗannan ruwaye biyu a Suratul Furƙan, amma ban taɓa kawowa zan tsaya a inda suke haɗuwa ba. Ruwan sama kuwa, abin da ke sauka a Kalaba a shekara ya ninka na Kano kusan sau uku, kuma a kwanakin da na yi kamar duk a lokacin yake son sauka. Na sami masauki kusa da Bogobiri, unguwar Hausawa, inda akwai masallaci da mai shayi, hankalina ya kwanta.

Abu na farko da na lura da shi shi ne ruwa ke tsara lokacin darasi. Sau biyu a yini da kwana teku yana cikowa ya tura ruwa cikin kogi, sau biyu kuma yana janyewa ya bar taɓo a fili. Kullum lokacin yana jinkirtawa da kimanin minti 50, domin jan wata ne ke motsa ruwan, wata kuma kullum yana makara da kusan haka wajen fitowa. In wata ya tsaya, ko ya cika a daren sha huɗu, rana da wata suna ja a layi ɗaya, cikowar ta fi girma, janyewar ma ta fi nisa. A irin kwanakin ne taɓo ya fi buɗewa, su ne kuma Dakta ke zaɓa. Ita tana da jadawali a takarda. Tsohon da ke tuƙa mu a kwalekwale, wanda ɗalibai ke ce wa Ete, wato Baba da yaren Efik, ba ruwansa da takarda, wata yake dubawa. Ni da ba na neman wata sai na azumi da na salla, sai ga mutumin da abincinsa na kullum a kan lissafin wata yake.

Kafin mu shiga kwalekwale a safiyar farko, Dakta ta tara ɗalibai talatin da 'yan kai a ƙarƙashin wata rumfa ta faɗa musu doka ɗaya. Ta ce wanda ya auna ya yi kuskure za ta gyara masa, ko sau goma ne. Amma wanda ya rubuta lambar da bai auna ba ya faɗi darasin, babu roƙo. Ta kuma ce duk da akwai waya, kowa ya riƙe ƙaramin littafi da fensir, domin tawada tana narkewa a ruwa, rubutun fensir ba ya narkewa. Wannan ya ɗan sosa mini rai, kamar ba ta yarda da aikina ba.

A nan ne wata ɗaliba mai ƙaramin hijabi da dogon takalmin roba ta matso ta gaishe ni da Hausa. A Bogobiri aka haife ta, iyayenta mutanen Katsina ne, tana jin Efik kamar 'yar gida. Da muka gaisa ta ji daga Kano nake, sai ta daina ce mini Malam ta koma Yaya, ni kuma na riƙe ta ƙanwa.

Dajin da muka shiga ana ce masa mangurof, babu abin da ya haɗa shi da mangwaro sai kamar suna. Itatuwa ne da suka iya zama a taɓon da ruwa ke rufewa sau biyu kullum, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Najeriya yawansu. Na bakin ruwa, waɗanda masana ke kira Rhizophora, saiwoyinsu daga jikin itacen suke fitowa su lanƙwasa su soki taɓo, kamar mutum ya tsaya a kan ƙafafu ashirin. 'Ya'yansu tun suna kan uwa suke tsiro, su yi tsawo kamar kibiya, sannan su faɗo ruwa ya tafi da su. Can ciki akwai Avicennia, wadda saiwoyinta ke ɓullowa sama daga taɓo kamar an kakkafa fensira, ta nan take shaƙar iska. Hancina ne ya fara gaya mini dalilin da take buƙatar haka. Da na nutse har gwiwa, taɓon ya fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Babu iskar oksijin a ƙasan, kuma ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa babu ita su ne ke fitar da wannan wari.

Dakta ba ta cika bayani ba, tambaya take yi. Ta tsinko ganyen Avicennia ta ce da rani za ka ga gishiri fari a kansa, domin ta ganye itacen yake fitar da gishirin da ya sha. Ta ce kowa ya lasa. Muka lasa, babu ɗanɗanon komai. Ta ce, to me ya sa? Ta bar su da tambayar ta yi gaba. Da ina da kunnen ji, da a nan na tuna da dokar da na rubuta.

Aka ja igiyar awo daga bakin ruwa zuwa cikin daji. Kowane mita goma a ajiye firam mai mita ɗaya tsawo da faɗi, a ƙirga duk abin da ke cikinsa. Akwai ƙananan dodon koɗi masu tsinin ɓawo, waɗanda Efik ke kira mfi suke zubawa a miyar afang. Akwai ƙaguwar da namijinta ke da hannu ɗaya ƙato. Ba sa ƙirguwa, domin da sun ji motsi sun shige rami, sai dai a ƙirga ramukan. Wani ɗalibi ya ce ya sami ƙaguwa arba'in, Dakta ta ce, wa ya gaya maka rami ɗaya ƙaguwa ɗaya ne? Ya goge ya rubuta rami arba'in. Akwai kuma wani kifi mai ido a saman kai da ke fitowa daga ruwa yana tsalle a kan taɓo, yana shaƙar iska ta fatarsa muddin tana da danshi. Na tsaya kallonsa har aka yi nisa aka bar ni.

A ɗaya gefen rafin akwai wani itace mai kama da tukurwa, ana ce masa nipa. A zamanin mulkin mallaka aka kawo shi Kalaba daga Singafo, a 1906, don ya riƙe gaɓa kada ruwa ya cinye ta. Yanzu duk inda aka sare mangurof don itacen bandar kifi, nipa ke riga kowa kama wurin. Dakta ba ta gaya wa ɗalibai wane daji ya fi tara halittu ba. Ta raba su biyu, rabi su ƙirga a ƙarƙashin nipa, rabi a ƙarƙashin mangurof, su zo su kwatanta da kansu. Abin da ta faɗa kawai shi ne a tsakanin saiwoyin nan ne 'ya'yan kifi da jatan lande suke fakewa har su yi ƙwari. Na tuna busasshen jatan landen da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari, ban taɓa tambayar inda ya girma ba.

Da ruwa ya fara dawowa muka koma kwalekwale don awon ruwan kansa, a tashoshi biyar. Ana zura wani farin faifai ɗaure da igiya har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar, a san iya inda haske ke kaiwa. Wani limamin coci ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara amfani da shi a 1865, har yau da sunansa ake kiran faifan. Ana cika kwalba taf ba tare da kumfa ko ɗaya ba, a zuba mata magunguna biyu da za su kama oksijin ɗin da ke ciki kafin a kai gari. Sai awon zartsi, da wani ɗan bututu kamar ƙaramar tocila: a ɗiga ruwa a kan gilashinsa, a rufe, a ɗaga shi wajen haske a leƙa, a ga layin da ya raba shuɗi da fari, a karanta lambar da layin ya tsaya a kai.

Ina zaune a bayan kwalekwale ina kare kwamfutata da leda, na hango ƙanwata ta ɗiga ruwa ta leƙa, ta danna waya, ta wanke gilashin ta sake ɗigawa ta leƙa. Sau uku ta yi haka. Na ga wasu ma suna haɗa kai suna nuna wa juna waya. Na ɗauka sabon abu ne yake burge su.

Da yamma aka koma ɗakin gwaje-gwaje. Kwalaben oksijin sun yi gudaji ruwan ƙasa. Aka ƙara asid gudajin ya narke, ruwan ya koma kalar shayi. Ɗalibi zai riƙa ɗiga wani magani daga dogon bututu mai ma'auni, in launin ya yi haske ya zuba ruwan sitaci, nan take ya koma shuɗi, ya ci gaba ɗigo-ɗigo har shuɗin ya ɓace. Yawan abin da ya ɗiga shi ke nuna yawan oksijin. Wani ɗan ƙasar Hangari, Lajos Winkler, ya fito da wannan hanya a 1888, har yau kuma da ita ake gwada gaskiyar na'urorin zamani. Akwai na'urar da ke ba da lambar cikin daƙiƙu, amma Dakta ta ce sai hannunsu ya san wahalar lamba ɗaya kafin ta ba su ita. A wani tebur kuma an ɗiga ruwan da aka tace da raga mai laushi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na leƙa. Ɗigo ɗaya ne, amma cike da rai: ƙananan tsirrai masu ɓawo kamar gilashi, wasu halittu masu zabura kamar ƙuma, da jaririn ƙaguwa mai tsini a baya wanda bai yi kama da uwarsa ko kaɗan ba.

Ni kuma na haɗa wayoyin, komai ya hau rumbu cikin minti biyar, aikin da a da yake cin makonni. Na haska lambobin a bango ina jiran yabo.

Dakta ta daɗe tana kallon layin zartsi. 10, 10, 11, 12, 10, 15, 10. Ba ta ce komai ba. Ta ɗauko kwalbar ruwan da aka ɗebo a tasha ta biyu, ta tsoma na'urar ɗakin a ciki, ta karanta da ƙarfi: biyu. Sannan ta ce kowa ya ajiye littafinsa a kan tebur.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun rubuta a littafi daidai abin da suka sa a waya, wasu sun bar gurbin, wasu an ga alamar gogewa. Littafi ɗaya ne kawai aka rubuta 2, 2, 2, alhali a waya 12 aka shigar. Na ƙanwata ne. Wadda ta ƙi yi wa littafinta ƙarya ita ce kaɗai aka kama da shaida a hannu. Dakta ta tsayar da ita ta ce, kin ga biyu kin rubuta sha biyu, ko kin manta abin da na faɗa da safe? Yarinyar ta sunkuyar da kai. Sauran ɗaliban suka yi tsit, domin duk wanda ya ambaci jan rubutun ya tona kansa.

Tun da na ji kalmar biyu na san abin da ya faru. Amma ban miƙe nan take ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Akwai ragowar kuɗina da ba a biya ba. Akwai maganar da Dakta ta yi cewa in abin ya yi kyau za ta haɗa ni da wasu sassan. Na ma fara lissafin yadda zan cire layukan biyu cikin dare in yi shiru, gobe komai ya tafi daidai, babu wanda zai sani. Ban san ko minti nawa na ɗauka a haka ba. Abin da ya tashe ni shi ne ganin hawaye ya ɗiga a kan littafin, a kan lambobin nan uku.

Na ce, Dakta, laifina ne. Na buɗe manhajar a bango, na shigar da 2 a gaban kowa, jan rubutun ya fito. Na nuna musu layukan da na rubuta, na faɗi inda na samo 10 ɗin.

Na zaci za ta yi mini faɗa ta sallami yaran. Ba haka ta yi ba. Ta ce laifi uku ne a ɗakin nan. Nawa, da na yanke wa ruwan da ban taɓa gani ba hukunci. Nata, da ta turo awon rani kaɗai kuma ba ta gwada manhajar da hannunta ba. Da nasu, da suka ga abu da idonsu, waya ta ce ba haka ba ne, suka bi waya babu wanda ya ɗaga hannu. Ta ce ba za ta kayar da kowa ba, amma awon yau duk za a sake shi, kuma kowa zai rubuta shafi guda ya bayyana lambar da ya gani da lambar da ya shigar.

Ta tambaye su abin da ya sa ganyen da suka lasa da safe ba shi da gishiri. Sai a lokacin bakuna suka buɗe. Wani ya ce ruwan sama ya wanke shi. Wata ta ce ruwan da itacen ke sha ma ba shi da gishiri sosai yanzu. Dakta ta zana Kogin Kuros a allo tun daga duwatsun Kamaru inda ya taso. Da damina, ta ce, kogin yana zuwa da ruwan daɗi mai yawan da zai tura gishiri baya zuwa bakin teku, da rani kuma kogi ya yi rauni gishiri ya hauro. Wurin da ya ba da ashirin a Fabrairu zai iya ba da biyu a Yuli, kuma dukkan lambobin gaskiya ne. Ta cika wani akwatin gilashi da ruwan famfo, ta zuba ruwan gishiri mai launi a hankali ta gefe, muka ga ya zame ya kwanta a ƙasa saboda ya fi nauyi. Ta ce gobe za ku auna sama ku auna ƙasa, ku auna da janyewa ku auna da cikowa.

Sannan ta faɗi abin da ya fi tsaya mini. Ta ce ku ɗauka bayan shekara goma wani ya buɗe wannan rumbu yana son sanin ko gishiri yana ƙara shigowa kogi saboda teku na hauhawa. Zai ga Yulin bana 10, ya ga wani Yulin 2, ya gina bayani a kan lambar da ruwa bai taɓa bayarwa ba. Ba zai san ku ba, ba zai san akwai wani jan rubutu ba. Lambar kawai zai gani, ya yarda da ita.

Da aka tashi muka tsaya a baranda muna jiran ruwa ya tsagaita. Na ce, "Ƙanwata, me ya hana ki ce wayar ce ta ƙi karɓa?"

Ta ce, "Yaya, da farko na ɗauka ni ce ban iya ba. Na auna sau uku yana ba ni biyu, waya tana cewa ba daidai ba ne. Sai na ce ai wanda ya yi abin ya fi ni sani." Ta ɗan yi shiru. "Da Dakta ta auna ta sami biyu kuma na gane. Amma kai baƙonmu ne. Yaya zan yi in tsinka ka a gaban mutane?"

Na ba ta haƙuri, ta ce babu komai. Karar da ta yi mini ta ba ni kunya, amma farkon maganarta ya fi damuna. Yarinyar nan ta tashi a bakin wannan ruwa, ta yi shekara uku tana karanta shi, ta wanke gilashi ta auna sau uku daidai yadda aka koya mata. Ni kuma da ban san ruwa na cikowa da janyewa ba sai a makon nan, layi biyu da na rubuta sun sa ta ƙaryata idonta. A da ina ganin fita daji da waya a hannu hanya ce kawai ta tara lambobi da sauri. A daren nan na gane dalilin da Dakta ke wahalar da kanta tana kai yara cikin taɓo. Sunayen itatuwa da na ƙaguwa suna cikin littafi, kowa zai iya haddacewa. Abin da ba ya samuwa sai a can shi ne ɗalibi ya auna da hannunsa, ya sami abin da bai zata ba, ya sake aunawa, in ya sake samun haka ya rubuta shi ya tsaya a kai, ko da wa ya ce ba haka ba ne.

Ban yi barci sosai ba. Na cire dokar. Yanzu in lamba ta yi nisa da wadda aka saba gani, manhajar tana tambaya ne kawai ko an tabbatar, kuma tana karɓa ko me aka ce. Na ƙara gurbin da ɗalibi zai rubuta abin da ya lura da shi, da maɓallin da ke cewa ban auna ba, don kada rashin awo ya tilasta wa kowa ƙirƙiro lamba. Na so in goge lambobin ranar farko, Dakta ta hana. Ta ce a bar su a yi musu alama, a rubuta abin da ya faru a gefensu.

Washegari ruwa ya janye kusan awa ɗaya bayan lokacin jiya, kamar yadda jadawali ya ce. A tashoshin sama aka sami 0 da 1 da 2, lambar tana ɗan ƙaruwa in mun gangara wajen teku ko in ruwa ya ciko. Ete yana kallonmu muna ta leƙen bututu, ya tambayi abin da muke nema. Da ƙanwata ta gaya masa, ya ɗebo ruwa da tafin hannu ya ɗanɗana ya tofar, ya yi wata magana da Efik ɗalibai suka fashe da dariya. Ta fassara mini: ya ce wannan watan ruwan kogi ne, mai neman gishiri ya dawo da rani.

Na koma Kano da taɓo a ƙarƙashin farce wanda ya yi kwanaki bai fita ba. Har yanzu ina sa iyaka a fom ɗin da nake rubutawa, domin mutane suna kuskuren dannawa, wannan bai canza ba. Sai dai kafin in sa, ina neman wanda ke yin aikin da hannunsa in tambaye shi mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya taɓa gani, da kuma watan da ya gan shi.

A watan Fabrairu saƙo ya shigo mini ta WhatsApp. Hoto ne da aka ɗauka ta cikin bututun awon zartsi, layin shuɗi da fari ya tsaya a kan 18. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, tasha ta biyu ce. Yau dai ruwan ya bi dokarka."